Gaisuwar Da Ta Cinye Jirgi

Na koma makaranta da furfura a gemu, wai koyon shirya fim. Da safe ina auna shadda a Kantin Kwari, da yamma ina aji ɗaya da yaran da ke kirana Baba Hambali, suna bar mini kujerar gaba saboda ido. Aikinmu na ƙarshe gajeren fim ne, kuma malamarmu ta faɗa ba dariya: duk wanda nasa ya wuce minti goma zai maimaita shekara. Nawa ya kusa ninka haka.

Ana gobe miƙa aiki na rufe shago, na hau adaidaita sahu zuwa Sabon Gari wurin Nwabueze, mai tace mini fim ɗin. Ɗakinsa na saman masu sayar da lasifika, har kujera rawa take yi. A unguwar aka haife shi, Hausarsa ta fi ta 'ya'yana.

"Darakta, albishirinka," in ji shi. "Minti goma cif, kuma ban taɓa labarinka ba."

"To me ka cire?"

"Gaisuwa kawai. Mutanen nan naka, kowa ya shigo sai ya tambayi gida da gajiya da kasuwa."

Na ji daɗi, har na fara tunanin saya masa lemo. Labarin na wani mutum ne da ke neman dilar atamfarsa da ta ɓata a jirgin ƙasa. Komai na tafiya sumul, sai muka iso fitowar shago.

A shagon surukina muka ɗauke ta, mahaifin matata Zinariya. Da na je aron wurin, Alhaji ya ce ai shi ma zai iya fitowa a mai shago, ni kuwa ban san yadda ake ce wa suruki a'a ba. Ranar ɗauka jarumin bai zo ba, dole na sa hularsa na shiga. Yanzu ga ni a allon kwamfuta, na faɗo shagon Alhaji ba sallama, ba durƙuso, takalmi a ƙafa, na tsaya masa a ka na ce, "Ina kayana?"

Na dafe kai, na juya gare shi.

"Nwabueze, ka kashe ni."

"Haba darakta, ai fim ne."

"Fim ne a wurinka. Jibi za a nuna shi a makaranta, Alhaji zai zo da abokansa na masallaci. Mutumin da ko sunansa ban taɓa faɗa ba tun da na auri 'yarsa."

Nwabueze ya dawo da gaisuwar muka kalla. Na cire takalmi, na durƙusa, Alhaji ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya manta ana ɗauka ya tambayi ƙafar Zinariya da ta gurɗe. Fim ya haura minti goma.

"A rage ta mana," na ce.

Ya gwada. Sai ga ni na durƙusa na zabura kamar na zauna kan ƙusa. Ya gwada ƙara mata sauri, muryar Alhaji ta koma ta ɗan tsako. Na ce ya goge wannan kafin wani ya shigo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ya sauka tayar da janareta, ya bar ni ina hango kaina ina maimaita aji da ƙannen yaran ajinmu.

Da ya dawo ya ce, "Abu ɗaya ne tsawonsu ɗaya da gaisuwar. Jirginka."

Jirgina. Yini na yi a bakin tasha, rana na gasa mini ƙeya, kafin ya shigo a hankali yana huci. Duk fim ɗin, nan kaɗai ne ba ya kama da bidiyon biki. Ba wanda ban ba labarinsa ba a Kwari.

"Ko jirgi ko suruki, darakta. Ina da masu bikin aure suna jira."

Na kira Zinariya don shawara. Ta ce, "Jirgin ne ya ba ka mata?" ta kashe waya.

Muka cire jirgin, muka bar ƙararsa kawai a kan baƙin allo. Nwabueze ya ce haka manyan daraktoci ke yi. Na san lallashi ne, amma na karɓa.

Malama ta karɓi aikin, ta duba tsawonsa, ta ɗaga kai. Ranar nuni Alhaji ya zauna a gaba da tawagarsa. Da gaisuwar ta zo na leƙa fuskarsa, ko gezau. Bayan an tashi na je na durƙusa, wannan karon ba kyamara.

"Madalla, Hambali," in ji shi. "Amma ina jirgin da ka ishe mu da zancensa? Shi na kwaso mutanen nan su gani."