Haddar Malam Sanda

Malam Sanda na Tsiga ya haura hamsin kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da ya iya haɗa baƙin boko ba a ƙara samun lafiya ba. Ko takardar ƙunshin ƙosai ya tsinta, sai ya karance ta tas. A farkon damunar 1978 aka gaya masa akwai laburare a Funtuwa, inda ake ba kowa aron littafi. Ya haye kekensa ya tafi.

Mai kula da wurin Malama Rahab ce, 'yar Malumfashi, mace mai sakin fuska. Ta tambaye shi abin da yake nomawa, ya ce auduga. Ta zaro masa wani siririn littafin Hausa a kan tsutsar auduga, shafi arba'in.

"Wannan zai yi maka, Baba. Mako biyu, in ka gama ka kawo in ba ka wani."

To, nan fa aka kwana. Sanda a makarantar allo ya tashi, inda ba a wanke allo a rubuta na gaba sai an kawo haddar na baya. Don haka shi abin da ya ji shi ne, bayan mako biyu zai durƙusa gaban Malama ya kawo shafi arba'in da ka. Bai tambaya ba. Wa ke tambayar abin da kowa ya sani?

Bawan Allah ya duƙufa. Yana noma yana maimaitawa, yana tuƙa keke yana maimaitawa. Matarsa Uwa ta gaji ta ce, "Malam, wai wuridin tsutsa ka koma yi ne?" Mako biyu suka cika yana shafi na shida. Wata uku suka wuce yana na talatin da ɗaya, daga nan kai ya ce bai san zancen ba.

Abin ya dame shi ƙwarai. Ga kayan mutane a hannunsa, ga kunyar a ce da furfurarsa ya kasa, a karɓe littafi a ce kada ya ƙara zuwa. In ya shiga Funtuwa sai ya zagaya ta bayan tasha don kada ya bi ta ƙofar laburaren. Daga ƙarshe dai riƙon amana ya fi ƙarfin kunya, wata Alhamis ya naɗe littafin a tsumma ya tafi.

Ya tarar da manoma kusan talatin zaune a baranda. Ashe ranar taron da Malama ke haɗawa duk wata ce, kuma malamin gonan da zai yi bayani bai iso ba. Sanda ya tuɓe takalma, ya miƙa littafin da hannu biyu.

"Malama, na kasa. Talatin da ɗaya na samu, saura tara. Ki saurari abin da ya samu, kada ki kore ni."

Kafin ta gane inda ya dosa, ya runtse ido ya fara. Ta buɗe littafin tana bi, ko wasali bai tsallake ba. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Baba! Haddacewa ka yi? Ai ba a hadda a nan. Karantawa kawai ake yi, a kawo, a ɗauki wani."

"Ba a tambaya?"

"Ba mai tambayarka komai. Laifina ne da ban gaya maka ba."

Sanda ya zauna daɓas. Dariya ta zo masa, ƙwalla ta riga ta. Wani manomi daga baya ya ce, "Malam, ci gaba mana, tsutsar nan ta gama da mu!"

Ya miƙe ya zuba musu tun daga farko, yadda ake gane ƙwan a bayan ganye, da lokacin feshi. Kowa ya kasa kunne. Da ya kai ƙarshen shafi na talatin da ɗaya ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai. Malama Rahab ta buɗe na talatin da biyu, ta ɗora masa a hannu.

"Karanta musu sauran, Baba."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji shi. Ya goge ido da hannun riga, ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya karanta musu.