Babban Birni Ya Hana

Tun da aka damƙa wa Mai Sito makullin ɗakin magani na asibitin, bai taɓa ce wa kowa a'a da bakinsa ba. Ya samo hanya mai sauƙi. In ya leƙo ta 'yar tagar nan mai ƙarfe, sai ya nuna sama da yatsa ya ce Babban Birni ne ya hana. Bai taɓa taka garin ba, a talabijin kawai yake ganin fitilunsa, amma sunan ya zauna masa a baki sai ka ce ƙanin babansa ne. Kuma dabarar tana ci. Wanda ya zo da faɗa sai jikinsa ya yi sanyi, don gari guda ba shi da wuyan rigar da za a shaƙe. Har a gida, in Auta ya nace sai an ɗora shi a babur, uban kan ce Babban Birni bai amince ba. Yaron ya tura baki ya haƙura, uwar tana dariya.

A ƙasan firij, bayan gorar ruwansa, akwai 'yan kwalaben allurar saran maciji. Babu mahaluƙin da ya hana a taɓa su. Shi ne dai ya ɓoye saboda ranar da wani babba zai aiko nema, a san da zamansa. Likita ya tambaya, ya nuna masa sama. Da aka kawo masa sabuwar abokiyar aiki, wata baiwar Allah mai tsoron kora, ita ma abin da ya karanta mata ke nan: umarni ne daga Babban Birni, ba a fitar da ko ɗaya, ko ɗan waye.

Ranar da abin ya faru yana wajen makanike an kwance masa babur, wayarsa kuma tana caji a shagon mai aski. Sai da rana ta yi sanyi ya shigo layinsu, ya tarar da takalma jibge a ƙofar gidansa.

Maƙwabcinsa ne ya riƙe masa hannu ya gaya masa. Auta ya zura hannu bayan tarin bulo zai ɗauko ƙwallo, maciji ya sare shi. Uwar ta goya shi ta ruga asibiti ko takalmi babu. Abokiyar aikin ta gane ta, ta yi ta kiran wayarsa har ta gaji, sannan ta fashe da kuka ta maimaita abin da aka koya mata. Uwar kuwa ba ta yi musu ba. Ta sha jin sunan a bakin mijinta, ta san in aka ambace shi magana ta ƙare. Ta juya da ɗanta wajen mai maganin gargajiya, a can ya cika.

A wajen zaman makoki, kowa ya zauna sai ya zagi Babban Birni. Suna can cikin sanyin ofis, ba su san zafin talaka ba. Mai Sito yana zaune a tsakiyarsu kansa a ƙasa, tsoro da baƙin ciki sun hana shi haɗa ido da kowa. Mutane suka ce wannan bawan Allah akwai haƙuri.

Abokiyar aikin ta zo ta durƙusa a gabansa, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ka yafe mini. Wallahi har na ɗauko kwalbar na riƙe a hannuna. Sai na tuna ka ce ko ɗan waye, na mayar."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Da mutane suka ragu, matarsa ta shigo ɗaki ta ajiye masa kwano. Rigar Auta ta makaranta tana rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ta zauna kusa da shi, ita da ya kamata a lallasa, ita ce ke lallashi.

"Baban Auta, ka ci wani abu. Ba laifinka ba ne, ba laifin yarinyar nan ba ne. Amma wanda ya kafa dokar nan, ko waye shi, Allah ya isa tsakanina da shi. Allah ya hana shi barci har ya mutu."

Ta zuba masa ido tana jira, yadda ta saba in ta yi addu'a a gabansa.

Ya ce amin.