Mai Awon Sama

Mai faci ya ɗaga liba, ƙarfen cire taya, ya kwaɗa wa tsohon wilin motar da ke rataye a jikin falwaya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har sai da hannunsa ya sage. Yana bugu yana ihu wai sun zo. Shi ya rataya wilin da kansa tun da aka ji hukuma za ta faɗaɗa titin ta rushe shagunan layin, kuma da bakinsa ya ce duk mai awon da ya kafa na'urarsa a nan, a kwance za a fitar da shi. Yau ga shi ya dawo daga sayen gam, tun daga bakin layi ya hango wani a ƙofar shagonsa: riga mai ƙyalli, hular kwano, na'ura a kan ƙafa uku, ga gwangwanin jan fenti a ƙasa, irin wanda ake shafa wa ginin da za a rusa. Me kuma ya rage a tambaya?

Nan da nan layi ya ɗauka. Mai walda ya fito da rodi, makanikai da sifana, har tela da ba ya iya korar kaza ya fito da ƙafar kujera. Samari suka wuce mai faci a guje, shi kuwa tumbi da gwiwa suka hana shi sauri. Ko da ya iso, an riga an yi wa baƙon zobe, ba ya ganin komai sai ƙeyar mutane. Ya ji mai walda yana tambaya me ake aunawa a nan, ya kuma ji an amsa cikin fara'a cewa faɗaɗawa ake son nunawa. Nan take ya gane muryar. Auta ne.

Auta ƙaninsa ne, shi ya raine shi tun rasuwar mahaifinsu, da faci ya kai shi makaranta har ya zama malamin kimiyya a can ɗaya gefen gari. Ba ya zuwa layin, gida yake samunsa, kuma ko gaisuwa ba a gama ba zai ɗauko zancen sama. Wai sararin samaniya ba shi da tsakiya ba shi da baki, wai gungun taurari kullum nisa suke ƙara yi da juna, wai har yau masana ba su gama tantance ko shimfiɗe yake kamar tabarma ko lanƙwashe ba. Zuwansa na ƙarshe ya roƙi tsohon tiyub, zai ɗiga masa fenti ya hura wa ɗalibai su ga yadda ɗigon ke rabuwa. Mai faci ya yi dariya ya ce ya zo shago ya kwasa, tunda karatun nasa a faci ya ƙare. Ya manta da maganar kwata-kwata. Rigar da hular na hawan babur ne, na'urar kuma madubin hangen nesa ne na makarantarsu.

Mai faci ya fara ture mutane yana kiran a tsaya, amma a cikin wannan hayaniya kowa ya ɗauka zuga su yake yi. Ta tsakanin kafaɗu ya hango Auta ya cire hular kwanon, don bai saba yi wa manya magana da kai a rufe ba.

"To ina za ta tsaya?" in ji mai walda.

"Ai ba inda za ta tsaya, Baba," in ji Auta, da murnar malamin da ya samu masu saurare. "Ba ta da iyaka. Ta kowane gefe matsawa ake yi, kuma babu wanda ya isa ya hana."

"Har mu da ke nan?"

"Ai babu wanda za a bari."

Rodin ya fara sauka a kan madubin, gilashi ya tarwatse. Na biyu ya samu Auta a gefen fuska, ya faɗi kan gwangwanin, fenti ya malale. Daga nan ba a san mai duka ba. Ƙafafu, sifana, bulo, kowa yana sauke tsoron da ya daɗe yana kwana da shi a kan mutum ɗaya. Auta ya dunƙule yana kare kai yana kiran Yaya, wani ya take masa yatsu. Aka ji wata murya tana cewa a kawo fetur, sai ga wani saurayi ya mirgino taya daga shagon mai faci.

Ganin tayar ne ya ba shi ƙarfin da bai san yana da shi ba. Ya kai wa saurayin kai a ƙirji, ya kutsa ta ƙarƙashin hannuwa, ya faɗa kan ƙaninsa ya rufe shi da jikinsa. Duka bai tsaya ba. Ya ji haƙarƙarinsa ya yi ƙas, wani ya sauke masa katako a gadon baya, shi kuwa yana ta maimaita cewa ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin makaranta ne, ku ji tsoron Allah. Mai walda ne ya fara gane fuskar da ke ƙasa. Ya saki rodin, ya buɗe hannu yana tare na baya. Kafin mai faci ya ɗago kai, jaruman layin sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya, tela har ya koma kan kekensa yana laluben zare.

A wata mota da ake gyara aka kai su asibiti, ba ta da kujerar baya, mai faci ya zauna a kan ƙarfe da kan Auta a cinyarsa. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta goge fuskar da auduga tana tsaki, don ba ta iya raba jini da fenti. Suka shige da shi, aka bar mai faci a kan benci yana numfashi da ƙyar. Aka ce ya zo a duba haƙarƙarinsa, ya ƙi. Kunya da baƙin ciki sun fi ciwon cin sa.

Matar Auta ta iso da goyo a baya, takalmi wari da wari. Tana ganin rigar mai faci ta durƙusa tana kuka tana godiya, wai an gaya mata yadda ya shiga tsakiyar dukan, ba don shi ba da tuni 'ya'yanta sun zama marayu. Ya ce ta tashi. Gab da faɗuwar rana likita ya fito ya ce rai ya tsira, yatsu za su ɗoru, amma idon dama ya tafi.

Suka shiga. An naɗe rabin fuskar Auta da bandeji, leɓensa ya kumbura. Matar ta zauna a ƙarshen gado, mai faci ya tsaya ta gefen da aka naɗe, ya riƙe ƙarfen gadon. Auta ya tambayi madubin makaranta tukuna, aka ce ya bar wannan zance. Sannan ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai, da farko lafiya lau ake, har wata mai sayar da ruwa ta leƙa madubin ta ga wata da rana tsaka tana ta dariya. Sai aka buga wani ƙarfe, fuskar kowa ta canza.

"Yaya, ka san wanda ya buga ƙarfen nan?"

"Na san shi."

"Ka kawo mini shi. Ba ƙara zan kai ba. So nake kawai in gan shi da idon da ya bar mini."

Matar ta ce ai irin wannan azzalumi ba zai taɓa yarda ya zo ba. Mai faci ya saki ƙarfen gadon, ya dafe haƙarƙarinsa, ya zagaya a hankali ta bayan matar, ya je ya tsaya ta gefen hagu.