Akwatin da Kawu Ya Yi wa Gimbiya

Warin gam ne ya fara tarbar Injiniya da ta tura ƙofar ɗakin aikin Kawu, wajen ƙarfe biyu na rana. Sannan ta ga akwatin. Katako ne mai kyau, an goge shi har yana ƙyalli, yana zaune daidai inda ta bar na'urarta jiya, tsakanin tsofaffin rediyoyi da kwalaben ƙananan kusoshi.

"Kawu, ina Gimbiya?"

"Ga ta nan cikin ɗakinta," in ji Kawu, yana share hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a. "Tun safe nake fama. Yaya kika gan shi?"

Shi ya raɗa wa na'urar wannan suna, wai don ta cika son a lallaɓa ta. Na'urar rubidiyam ce, girmanta bai wuce na ƙaramin littafi mai kauri ba. Aikinta ɗaya ne: ta yi bugu miliyan goma a kowace daƙiƙa, ba ƙari ba ragi, don a gwada sauran na'urori da ita. A kanta Injiniya ta ɗora aikinta na kammala jami'a, kuma malamin da ke duba aikin ya gindaya mata sharaɗi: kwana talatin na'urar tana aiki, kwamfuta tana rubutawa, ba tare da koriyar fitilar da ke nuna bugun ya daidaita ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Yau kwana ashirin da tara. Idan ta ɗauke, sai a koma kwana na ɗaya, kuma mako guda ya rage a rufe karɓar aiki. Shekara ce za ta tafi.

Ta duba kwamfuta. Zafin gindin na'urar, wanda bai taɓa wuce digiri arba'in da takwas ba, ya kai hamsin da tara. Takardar masu ƙera ta ta ce sittin da biyar ne iyaka.

"Me kika ɓata rai? Ba ke kika ce duk lokacin da aka buɗe ƙofa layin nan naki na kan kwamfuta sai ya karkace ba? To, na raba ta da iska. Har soso na cusa mata ta ko'ina. A tashar rediyon da na yi shekara talatin, irin waɗannan a cikin ɗumi muke ajiye su."

"Kawu, tana da tata tandar a ciki, mai ɗumama ta! Ta ƙasa take fitar da zafi, ta farantin alminiyam ɗin nan mai haƙora. Shi ka toshe."

"Ba komai, za ta saba."

Ba komai. Wannan kalma Injiniya ta tashi tana ji a kan fanfon da ke yoyo, da soket mai tartsatsi, da duk abin da aka yi da ka ba a auna ba. Mutum ya yi shekara talatin yana abu ɗaya, sai ya ɗauka tambaya ta ƙare. Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, don ƙanin mahaifiyarta ne, kuma ɗakinsa ne ya ba ta aro.

Sittin.

Ta sa hannu za ta ɗaga murfin, ya ƙi motsi.

"Na manne shi," in ji Kawu, muryarsa ta ɗan sauka. "Gindin ma na manne da allon tebur. Aiki ai sai da inganci."

"Wayar wuta fa?"

"Na yanka mata 'yar hanya ta ƙasa, na cike da gam."

Ta san filogin nan, sako-sako ne a jikin na'urar. Idan aka ja akwatin, an ja wayar ke nan.

Inna, matar Kawu, ta leƙo da kofin ruwa a hannu. Ta dubi fuskokinsu, ta dubi akwatin.

"Ikon Allah. Na ce masa ya jira ki, ya ce ni me na sani. Zafi ta ɗauka? In kawo ƙanƙara? Akwai a firji."

"A'a, Inna, don Allah. Za ta yi gumi, ruwa ya shiga ciki."

"To ni dai ban ga wanda ya taɓa mutuwa da gumi ba," in ji Inna, amma ta tsaya a bakin ƙofa ba ta tafi ba.

Sittin da ɗaya da rabi. Kawu ya daina murmushi. Ya juya wajen bango, ya ciro kurfi da guduma, ya kafa bakin kurfin a ƙarƙashin murfin.

"Bugu ɗaya zai tashi."

"Kawu, kar ka buga."

"Ke 'yar nan, tun ba a haife ki ba nake..."

Ya ɗaga gudumar. Injiniya ba ta san lokacin da ta kama wuyan hannunsa ba. Ta riƙe shi gam, da hannu biyu, kamar wadda ta kama yaro zai taɓa wuta. Inna ta ce, "Subhanallahi!"

"Bugu ɗaya, filogin zai fita," in ji Injiniya. "Ka yafe mini, Kawu. Amma ba zan saki ba sai ka ajiye."

Kawu ya dube ta, ya dubi hannunsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ta ɗauka zai ce ta kwashe kayanta ta bar masa ɗaki, kuma da ya faɗa, da komai ya ƙare a nan. Sai ya sassauta yatsunsa, ta karɓi gudumar ta ɗora a kan kujera.

"To, Malama," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Faɗi yadda aka koya muku."

"Huji. A ƙasa ta gefe, da kuma a sama, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Sannan a zaro soson. Amma ba da injin huji ba, girgizarsa ta yi yawa."

"Ai na san wannan."

Ya jawo wata durowa, ya tono wani tsohon mahuji na hannu, irin wanda ake murɗawa, marikinsa ya yi baƙi don tsufa. Injiniya ta nuna masa inda zai fara. Ya ture yatsanta.

"Nan wayarki take kwance. Ni na shirya cikin, na san inda komai yake. Danne mini akwatin, kar ya motsa."

Ta danne da tafukanta biyu. Katakon ya yi ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Kawu ya fara murɗawa a hankali, garin katako na zuba a kan tebur.

"Inna, karanta mana lambar nan ta kusurwar kwamfuta," in ji Injiniya.

Inna ta matso, ta ƙanƙance ido. "Sittin da uku. Da ɗigo biyu."

"Kawu, da sauri."

"Sauri ko lafiya? Zaɓi ɗaya."

Hujin farko ya ɓulle, ya koma sama ya fara na biyu. Zufa na ɗiga daga haɓarsa a kan murfin da ya ɓata safiya yana gogewa. Da na biyun ya ɓulle, iska mai zafi ta bugi bayan hannunta.

"Sittin da huɗu," in ji Inna. "Hawa take yi fa."

"Soson ne," in ji Injiniya. "Kawu, ba ni filaya mai dogon baki."

Ta zura filayar, ta kasa kama komai. Kawu ya karɓe. Ya zura ta cikin hujin, ya lumshe ido yana lalube, ya fara zaro soson guntu-guntu, yana yarwa a ƙasa. Idon Injiniya na kan kusurwar kwamfuta, inda ake nuna halin fitilar. Koriya. Har yanzu koriya.

"Sittin da huɗu da ɗigo shida."

Ya buɗe huji na uku, ya buɗe na huɗu. Ya sake zaro soso, wani dogo ya biyo filayar, sai ga haƙoran farantin sun bayyana ta cikin ramin.

"Da ɗigo bakwai," in ji Inna. Ta ƙara matsawa kusa da kwamfutar. "Yana nan a bakwai. Bakwai dai. Af, ya koma shida."

Babu wanda ya motsa. Biyar. Uku. Da lambar ta sauko sittin da biyu, Injiniya ta ɗage hannuwanta daga akwatin, ta zame ta zauna a ƙasa cikin garin katako da guntayen soso.

Kawu ya tsaya yana kallon aikinsa, huji huɗu a jiki, ba biyu da suka yi layi ɗaya.

"Kawu, game da hannunka da na..."

"Zancen nan sai an gama kwana talatin," ya ce. "Ban manta ba, kuma uwarki za ta ji." Ya jawo kujera ya zauna a gaban kwamfutar, ya gyara tabarau. "Nawa ya kamata ta tsaya?"

"Arba'in da takwas."

"To da saura. Tashi ki rufe ƙofar nan, a hankali."