Wutar Walda

Auta ta tashi da safe idanunta a kumbure, sun manne ruf, hawaye na zuba ta gefe. Sai ihu take wai an zuba mata yashi a ido. Da uwarta ta lallaɓa ta, ta faɗi gaskiya: jiya ta laɓe bayan ƙofar shagon babanta, ta zuba wa wutar walda ido har ya gama haɗa taga guda.

"Wa ya sa ki?" in ji babanta mai walda.

"Malam ne ya ce kowa ya binciko amsar tambayarsa."

Haka sabon malamin 'yan aji uku yake koyarwa. Ba ya ba yaro amsa, sai dai ya ce, "To, ta yaya za mu gano?" Ita kuwa Auta tambayarta ita ce me ya sa ake hana kallon wutar walda.

Mai walda bai ko wanke fuska ba. Ya zari guntun rodi ya nufi makaranta. Maigadi ya tare shi a ƙofa, shi kuwa ya hankaɗe tsohon sai cikin kwata.

Ya tarar da yara sun kewaye tebur, suna auna tsiron wake a cikin kwalabe. Ya sauke rodin a tsakiya. Kwalabe suka tarwatse, ƙasa da ruwa suka fantsama har allo, yara suka yi waje ta ƙofa da taga suna kururuwa.

"Kai ne Malam Ta-yaya? Yau za ka gano!"

Ya shaƙo wuyan rigar malamin, ya buga shi da bango, ya kai masa naushi a baki. Malamin ya zame ƙasa. Ya ɗago shi ya ƙara masa.

"'Yata za ka makantar? Don wannan nake turo ta?"

Malamin ya tofar da jini da guntun haƙori. "Na ce su fara da tambayar wanda ya sani," ya ce da ƙyar. "Ta ce ta tambaye ka, ka ce ta ɓace maka da gani. Laifina ne da ban ja mata kunne ba. Tana ina? An kai ta asibiti?"

Ba a kai ta ba. Mai walda ya saki rigar, ya fita da gudu, ya bar rodin a nan.

A gida ya same ta kwance a cinyar uwarta, da jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Ya durƙusa zai ɗauke ta, tsumman ya zame. Ido ɗaya ya ɗan buɗe, jajir, ya yi ta yawo har ya tsaya a ƙirjinsa.

"Tana gani!" uwar ta ce. "Wallahi tana gani!"

"Baba," in ji Auta, "wannan jinin waye a rigarka?"