Ayun Evencio

Kukan ya fito ne daga ƙarƙashin ruwa, kamar saniya na nishi cikin tulu. Tsoho Evencio ya tashi zaune a ragar kwanansa, ya fara laluba injin kwalekwalensa, wanda yake kwana da shi a ɗaka lulluɓe da bargo. A duk ƙauyen nan na bakin tafkin Marakaibo, nasa kaɗai ɓarayin ruwa ba su ƙwace ba.

"Ayu ne," ya ce wa injin. "Shekara talatin rabona da jin kukan ayu."

Kafin a gasa wainar masarar safe, kowa ya ji labari. Maƙwabciyarsa Chinca ta leƙo ta taga.

"Ayu a wannan baƙin ruwan? Baba, ko ƙaguwa sai mun wanke ta da sabulu!"

"Ke dai tanadi kunya, 'yar nan. Yau zan gano makwancinsa."

"Ka gaishe shi. Da mijina Nerio na nan da ya raka ka, amma ya tafi birni neman aiki."

Evencio ya ɗaura injin, ya bi tsakanin tsofaffin turakun haƙar mai, yana kashewa yana kasa kunne. Can bakin kurmi nishin ya dawo. Ya leƙa. Wata ƙatuwar tiyo ce aka soka a bututun kamfani, tana zuƙar ɗanyen mai tana numfashi.

"Kash," ya ce. Ya sunkuya sosai, malafarsa ta faɗa cikin man.

Da ya ɗago, jirgin ɓarayin ruwa na gefensa, da mutum uku da bindiga. Na ukun Nerio ne.

"Tsoho, injinka mai kyau," in ji babbansu. "Me ka zo gani?"

"Ayu."

"Ka gan shi?"

Evencio ya dubi tiyon, ya dubi injin.

"Na gan shi. Mai ƙiba, har da gashin baki."

Suka kwashe da dariya, ban da Nerio.

"To ya zauna ayu. Ranar da ya zama wani abu, da hannu za ka riƙa tuƙi."

Rana ta take, ga sanƙon tsoho a fili. Nerio ya cire hularsa ya kifa masa, kamar yadda ya saba yi in sun fita kamun jatan lande.

Da yamma Evencio yana goge man hannunsa da fetur, maƙwabta sun kewaye shi, yana ba su labari. Ayun ya kai tsawon kwalekwale, ya yi atishawa sau biyu, har ɗa yake goyo. Chinca ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai ta tsaya, ta ƙura wa kansa ido.

"Baba, ayun ne ya ba ka hular mijina?"