Kananzir a Butar Alwala

Ranar da katafilar rusau ta iso layinsu a Zongo, Rilwanu ya tashi da zuciya a wuya. Dama shi ba mai sanyi ba ne. Ko a kasuwa, 'yan atamfa sun san in jijiyar goshinsa ta miƙe, ba shi hanya ake yi. Matarsa ta bi amalanken farko zuwa unguwar Cissin, inda suka kama haya, ta bar shi da ƙanwarsa Ƙaltume suna ɗaure sauran kaya, 'yarsa Shifa mai shekara biyu tana yawo a tsakaninsu. Garin jan kaya, galan ɗin kananzir ya tsage. Don kada a yi asara, Rilwanu ya juye ragowar a butar alwala, ya ajiye a gindin bango.

Yarinya kuwa abin da ta sani a buta ruwa ne. Katangar maƙwabta na faɗuwa, ƙura ta turnuƙe gidan, sai ga Shifa tana kuka, bakinta na warin fitila.

Rilwanu ya fizgo ta, ya ce a miƙo manja. Haka aka saba a unguwar: yaro ya sha abin da ba na sha ba, a ɗura masa manja, a sa masa yatsa ya amayar.

"Yaya, don Allah kada ka sa ta amai," in ji Ƙaltume, ta riƙe masa hannu. "A wajen awo an hana mu. Mu tafi asibiti kawai."

"Sake ni."

Ba ta sake shi ba. Ya kai mata bayan hannu, ta bugu da ƙofar langa-langa, leɓenta ya fashe. Ta sake tasowa, ya hankaɗe ta kan tukwane. Tsoro ne ya cika shi, shi kuwa tsoronsa kullum ta hannu yake fita. Ya matse Shifa tsakanin gwiwoyinsa, ya toshe mata hanci, ya ɗura, ya cusa yatsu biyu har maƙogwaro. Ta cije shi, bai ji ba. Amai ya taso ja, ta ja numfashi a tsakiyarsa, ta shaƙe.

"Ga shi nan ya fito," ya ce, har da jin daɗi.

Kafin ya tada ɗan babur ɗinsa mobilet, haƙarƙarinta ya fara lotsawa da kowane numfashi, tana gurnani ƙasa-ƙasa.

A asibiti, likitar yara ta saurari ƙirjin, ta dubi bakin Ƙaltume, sannan ta juyo ga Rilwanu.

"Malam, huhu ƙananan jakunkuna ne cunkus," ta ce. "A cikinsu akwai wani santsi kamar na sabulu, shi ke hana su mannewa in an fitar da iska. Kananzir wanke shi yake yi. Da a cikinta ya tsaya, da sauƙi. Amai ne ya kai shi huhu."

Babu injin numfashi a ɗakin, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Ta ɗora wa Shifa wata jakar roba a fuska, ta kama hannun Rilwanu ta nuna masa yadda zai riƙa matsawa yana sakewa.

Da farko jakar na bin hannunsa, ƙirjin na ɗagawa. Can ya ji jakar tana gardama. Ya haɗa hannu biyu. Iskar ta riƙa tserewa ta gefen kumatu da ƙara, ƙirjin kuwa da ƙyar yake motsi, kamar ana hura leda jiƙaƙƙiya da ta manne. Mutumin da bai taɓa rasa ƙarfi ba, yau ga ƙarfin, ba inda zai kai shi.

"A hankali, Malam, za ka fasa mata huhu."

Ya sassauta, leɓunan Shifa suka yi toka-toka. Ya ƙara ƙarfi, likita ta sake tsawata masa. Haka ya yi ta yi har aka kira la'asar.

Likita ta daɗe da abin sauraro a ƙirjin yarinyar kafin ta cire shi daga kunne. Ta ce ya isa. Rilwanu bai daina matsawa ba.

Ƙaltume ce ta durƙusa a gabansa, bakinta a kumbure, ta riƙa ɓamɓare yatsunsa daga jikin robar ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, sake mata," ta ce. "Ta huta."